Kada A Sayi A-kori-kura Sai An Leƙa Salansa

Jama'a 'yan kasuwa, yau za mu ɗan ajiye farashin hatsi da goro mu yi maganar mota. A Amurka akwai manyan a-kori-kura masu shan gas, irin su Ford F-250 da Ram 2500, waɗanda manoma da 'yan kwangila ke jan kaya da su. Tun 2007 ba a fitar da sabuwa sai da matata cikin salansa, mai kama baƙin hayaƙi. Daga 2010 kuma aka fara ƙara tankin ruwan yuriya, watau dangin takin zamanin nan da muke sayarwa, ana fesa shi cikin hayaƙi don ya rage dafinsa.

To, kayan nan suna da ɗawainiya. Matata takan toshe, ruwan yuriya sai an saya, in ya ƙare kuwa mota ta ƙi gudu. Sai wasu suka shiga kai mota wurin bakanike, a yanke matata, a sa miƙaƙƙen bututu, a sake wa kwamfutar inji lissafi don kada ta tona asiri. Hukumar kula da muhalli ta ƙasar, EPA, ta ce a 2020 motocin da aka yi wa haka cikin shekara goma sun haura 550,000, wajen 15 cikin ɗari ke nan.

Dokar tsabtar iska ta 1970, wadda aka ƙarfafa a 1990, ta hana wannan aiki, ta hana sayar da kayan yin sa. A jihar Kalifoniya tun 2010 ake duba irin waɗannan motoci, ƙirar 1998 zuwa sama. Mai duba zai leƙa kayan, ya jona na'ura, ya kalli hayaƙi. In mota ta faɗi, ba sabunta takarda. Manya ma ba su tsira ba, domin a 2023 kamfanin Cummins ya yarda ya biya tarar dala miliyan 1,675 kan zargin coge a injinan Ram.

Mai mota yakan ce, "Motata ce, da kuɗina na saya." Haka ne. Amma fa hayaƙin ba a cikin motarsa yake tsayawa ba. Na bayansa ne ke shaƙa, da yaro, da tsoho mai asma. Shi ya rage kuɗin gyara, wani ya biya kuɗin asibiti. Saboda haka mu muna bayan wannan dubawa.

Ga kuma inda abin ya shafi aljihunmu. Motar da aka yanke wa matata mota ce mai aibi a can, don mayar da kayan yakan ci dubban daloli. Masu sayo motocin gwanjo daga Amurka ta Kwatano da Ikko, ku buɗe ido. In kun ga araha, ku tambaya, a leƙa ƙarƙashi, a yi ciniki kan abin da aka gani. Araha ba ta ado. Dillali kuma ya faɗa wa mai saye gaskiya, ɓoye aibi ha'inci ne.

Mun san makanikanmu na nan ma suna cire matata, kuma suna da hujja. An ƙera ta don gas na Amurka, wanda farar wutarsa ba ta wuce 15 cikin miliyan, gas mai datti kuwa nan da nan yake toshe ta. ECOWAS ta tsayar da 50 cikin miliyan a 2020. To, hukuma ta fara tabbatar da wannan a gidan mai, sa'an nan a tare direba a duba salansa. Wanda ya sayar da mugun mai shi ya kamata a fara kamawa.

Sai mako mai zuwa.