SHARHI: Matan Katagum Na Jiran Cika Alkawari

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kafa gidauniya a ƙasar Hausa ya san yadda ake yi. A kafa rumfuna, a jera kujeru, a gayyato babban baƙo, sanƙira ya riƙe lasifika yana shelar sunayen masu bayarwa, jama'a na tafi. Da la'asar sai a sanar an tara kuɗi kaza. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne nawa ya shiga hannu, nawa kuma ya tsaya a fatar baki. Bayan wata shida sai a ga 'yan kwamiti suna bin ofis-ofis da takardar alkawari a hannu, ana ce musu Alhaji ya yi tafiya.

Ba wanda wannan hali ya fi cuta kamar ƙungiyoyin mata masu aikin taimakon jama'a, irin waɗanda ke Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum ta Jihar Bauci. Maza in sun kafa gidauniyar masallaci ko ta ƙungiyar gari, suna da bakin bin bashin alkawarinsu a kasuwa da majalisa. Mace kuwa kunya da al'ada ba su barinta ta tare babban mutum a ƙofar gidansa. Saboda haka alkawarin da aka yi wa mata shi ne ya fi saurin bin iska.

Wannan aiki na mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar. Masarautar Katagum dai Malam Zaki ne ya kafa ta, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tuta a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. 'Yar Shehun kuwa, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ce ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke jagorantar matan ƙauye zuwa ɗaukar karatu, suna tafe da sadakar hatsi da zuma da man shanu, ana raba wa mabukata. A zamanin baya-bayan nan an kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna cikin 1963, wadda marigayiya Hajiya Laila Dogonyaro ta daɗe tana yi wa hidima, ta kuma shahara da riƙon marayu. A watan Oktoba na 1985 aka kafa Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Nijeriya, watau FOMWAN, a Minna, marigayiya Hajiya Aisha Lemu ta zama Amirarta ta farko. Yau ƙungiyar tana da rassa a dukkan jihohin ƙasar nan, har da Jihar Bauci, tana gudanar da makarantu da wuraren shan magani da azuzuwan yaƙi da jahilci. Tana cikin waɗanda suka shiga gida-gida suna lallashin iyaye a kan allurar shan-inna, har aka kai ga shelar kawar da cutar daga Afirka a watan Agusta na 2020.

Dalilin da ya sa aikinsu ba shi da madadi a bayyane yake. Ma'aikacin gwamnati namiji iyakarsa zaure. Mace ce ke shiga har ɗaka, ta ga mai cikin da ƙafafunta suka kumbura, ta ga marayun da suka kwana ba a ɗora tukunya ba, ta ga bazawarar da ta iya ɗinki amma ba ta da keke. Ita ce ta san gidan da ake rufa asiri alhali babu.

Bukatar kuwa sai ƙaruwa take yi. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a sanadin ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne, an kuma san abin ya fi tsanani a Arewa. Gaskiya ne akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya a Azare, an kuma kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a garin cikin 2021. Amma asibitin da ke Azare ba ya amfanar matar da naƙuda ta tsananta mata tsakar dare a wani ƙauyen Shira ko Gamawa ko Zaki, in mijinta ba shi da kuɗin mota. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin motar ya ninka. Ga kuma ambaliya, wadda a daminar 2024 ta cinye gonaki da gidaje, ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a kusa da Azare. Duk sa'ad da irin wannan ta faru, ƙofar matan nan ake fara ƙwanƙwasawa.

A nan ne magana ta zo kan 'yan Arewa mazauna Kudu. A shekarar 1916 aka mai da hedkwatar Katagum zuwa Azare, a shekarar ce kuma aka kafa unguwar Sabo a Badun. Tun daga wancan zamani 'yan Arewa ke gangarowa da shanu suna komawa da goro. Yau ana samun mutanen Katagum a Agege da Idi-Araba da kasuwar Mil Sha Biyu a Ikko, da Shagamu da Anaca da Fatakwal, wasu na fataucin dabbobi da hatsi da kayan gwari, wasu direbobi, wasu masu gadi, wasu ma'aikatan gwamnati. Da yawansu sun bar iyali a gida, tsakaninsu da su tafiyar fiye da kilomita 1,000. In ciwo ya tashi da dare, kafin saƙo ya iso Ikko kuɗi su koma, mai aukuwa ta auku. Wanda ya taimaki ƙungiyar matan garinsu, lalle gidansa ya yi wa tanadi.

Wannan shafi yana ba da shawarwari uku.

Na farko, a rage dogara ga bikin rana ɗaya, a koma ga zubi na wata-wata irin na adashi, wanda kowane ɗan kasuwa ya san kansa. A misali, in mutum 500 suka ɗauki nauyin ba da Naira 1,000 kowane wata, an sami Naira 500,000 a wata, watau Naira miliyan 6 a shekara, ba tare da an kashe ko kwabo a hayar rumfa da makaɗa ba. Da yayyafi kogi kan cika. Sarakunan Hausawa na zangunan Kudu da shugabannin kasuwanni su ne suka fi dacewa su tsaya a kan wannan.

Na biyu, a ware kuɗin ga abin da ido zai gani: asusun kai masu naƙuda asibiti, kuɗin makarantar marayu, da jarin ƙananan sana'o'i irin su ɗinki da saƙa da matsar man gyaɗa. A maƙwabtan jihohi, Jigawa da Yobe, an yi shirin da direbobin ƙungiyar tasha suka riƙa ɗaukar masu naƙuda zuwa asibiti cikin gaggawa. Direbobin Katagum da ke bin hanyar Kudu ba su gaza 'yan uwansu ba.

Na uku, duk wanda ya taɓa tashi a bainar jama'a ya ambaci adadi, ya je ya biya. Alkawari kaya ne. Ya fi kyau mutum ya ba da Naira 5,000 a hannu da ya yi shelar Naira 500,000 da ba za a gani ba, gama matan sukan ɗauki nauyi bisa abin da aka faɗa musu, su ci bashi, su wayi gari da kunya.

Su ma ƙungiyoyin matan akwai abin da ya wajaba a kansu. Mutumin da ya wuni yana dako a rana yana da hakkin sanin inda kuɗinsa ya shiga. Ya kamata kowace ƙungiya ta buɗe asusu a banki da sunanta, ba da sunan shugaba ba, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu kafin a fitar da kuɗi, a ba kowa rasit, a kuma karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a sau ɗaya a shekara, a aika da kwafinsa zuwa Kudu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Har wa yau su yi nesa da rigimar jam'iyyun siyasa, don yunwa ba ta tambayar katin jam'iyya.

Fadar Mai Martaba Sarkin Katagum da ƙananan hukumomin yankin za su iya ƙarfafa wannan tafiya ta hanyar sa ido da sa albarka. Amma kada 'yan ci-rani su zauna jiran hukuma. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Matan nan sun riƙe gidan da haƙuri da ɗan abin da ke hannunsu, saura na waɗanda suka fita nema su cika nasu. Allah Ya sa a dace, amin.