Haƙƙin Ɗa a Cikin Lokacin Ubansa

A cikin watan Maris na shekarar 2016, sa'ad da ƙungiyoyin wasan besbol na ƙasar Amurka suke tsakiyar atisaye, kowa yana ɗaura ɗamarar shiga kakar wasa da za ta kama a watan Afrilu, wani ɗan wasa mai suna Adam LaRoche, na ƙungiyar White Sox ta birnin Shikago, ya shaida wa abokan wasansa cewa ya ajiye sana'ar, alhali kuwa akwai dala miliyan 13 da ke jiransa a cikin yarjejeniyarsa ta wannan shekara. Dalilin da ya bayar shi ne, hukumar ƙungiyar ta nemi ya rage zuwa da ɗansa mai shekara 14 ɗakin 'yan wasa, inda yaron ya saba wuni tare da shi kusan kullum, har an ba shi wurin ajiye kayansa kusa da na ubansa. LaRoche Kirista ne mai riƙo da addininsa, bai taɓa ɓoye haka ba, kuma ya bayyana wa duniya cewa da aka kai shi ga zaɓi tsakanin sana'arsa da iyalinsa, iyalin ya zaɓa.

Ko da yake wasan baƙo ne a gare mu, mutumin kuma addininsa dabam da na galibin masu karanta wannan jarida, a ganina labarin ya cancanci a tsaya a yi masa nazari cikin natsuwa, tun da malamanmu sun hore mu da ɗaukar hikima a duk inda muka tsince ta. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, bayan ci da sha da sutura da makaranta, waɗanda kowane uba na kirki ya san sun wajaba a kansa, akwai wani haƙƙi na ɗa da aka fi tauyewa saboda ba wanda ke bin bashinsa, wato lokacin uban da zamansa tare da shi. Kuma wasa halattacce, wanda mutane da yawa ke ɗauka lagwu ne kawai, yana daga cikin hanyoyi mafi sauƙi da uba zai bi ya sauke wannan haƙƙi.

Wanda bai san wasan ba, ga taƙaitaccen bayaninsa. Mutum tara-tara ake yi. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya wurgo wata ƙwallo mai tauri wadda ba ta wuce cikin tafin hannu ba, shi kuwa mai bugu ya yi ƙoƙarin make ta da kulki. Idan ya same ta sai ya sheƙa da gudu, ya bi zango uku ɗaya bayan ɗaya, ya komo inda ya tashi kafin abokan hamayya su tare shi, sa'an nan a rubuta wa ƙungiyarsa ci. Zagaye tara ake yi kafin a tashi. A babbar gasar ƙasar akwai ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 162 daga bazara zuwa ƙarshen Satumba, a kuma yi gasar ƙarshe a watan Oktoba, ta yadda tsawon wata shida da wuya rana ta fito ta faɗi ba a yi wasa ba. Bugu da ƙari, wasan ba shi da gaggawa: tsakanin jifa da jifa akwai ɗan jinkiri, tsakanin zagaye da zagaye akwai hutu, saboda haka uba da ɗa da suka zauna kallo, ko suka kasa kunne ga rediyo a cikin mota, suna da sararin yin magana da juna, uban yana bayyana abin da ya sa mai jifa ya yi kaza, ɗan yana tambaya, har hira ta zarce zuwa makaranta da abokai da abin da ke damun yaron a zuci.

Mutumin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin wannan al'amari shi ne talakan uba, wanda jarida ba ta san sunansa ba, ma'aikacin masana'anta a jihar Ohayo ko manomin masara a Ayowa, wanda ke tashi da sassafe ya tafi nema, ya komo da yamma a gajiye, iyali su taru a kan abinci, ya yi addu'ar godiya ga Ubangiji kamar yadda Kiristoci masu ibada suka saba, kana bayan an ci an sha, ya ɗauko safar hannu ta fata guda biyu, babba da ƙarama, ya fita bayan gida da ɗansa ko 'yarsa, su yi ta jifa da cafewa har duhu ya hana su ganin ƙwallo. Wannan jifa da cafewa ba ta da ci, ba ta da alƙali, ba ta bukatar kuɗi in ban da na ƙwallo da safa. Abin da take bukata shi ne mutum biyu su fuskanci juna, kowa ya mai da hankali ga hannun ɗan'uwansa, uban yana auna ƙarfin jifarsa daidai da ƙarfin yaron, yana ƙarawa sannu a hankali gwargwadon yadda yaron ke girma. Al'adar ta yi zurfi a zukatansu har ta kai wani fim da aka yi a 1989, mai suna Field of Dreams, wanda ya ƙare da wani magidanci yana roƙon ubansa da ya riga mu gidan gaskiya su yi wannan jifa da cafewa, ya shahara da sa manyan maza zubar da hawaye, domin kowa ya tuna da nasa uban, wanda ya samu da wanda ya rasa.

Ranar Asabar kuwa ta gasar yara ce. Ƙungiyar da ake kira Little League ta samo asali ne a 1939 a garin Williamsport na jihar Fensilbaniya, inda wani ma'aikaci mai suna Carl Stotz, wanda ya saba wasa da yaran danginsa biyu, ya ga ya kyautu a shirya wa yara gasa ta kansu, da fili da kayan wasa daidai girmansu. Da ƙungiyoyi uku aka fara, yau ga shi ta bazu zuwa ƙasashe masu yawa, kuma tun 1974 aka buɗe wa 'ya'ya mata ƙofa. Abin lura shi ne, masu koyarwa da masu share fili da masu sayar da abin sha a waɗannan wasanni galibinsu iyayen yaran ne, suna yi fisabilillahi ba albashi, ta haka uba yake sanin abokan ɗansa da iyayen abokan, unguwa kuma ta zama tana da ido a kan 'ya'yanta.

Akwai kuma wani darasi da wasan kansa yake koyarwa, wanda ya dace da abin da addini ke kira haƙuri da tawali'u. Bugun wannan ƙwallo abu ne mai wuyar gaske, har ya zama gwanin da ake yabo shi ne wanda ke dacewa sau uku cikin goma, wato yana faɗuwa sau bakwai. Tun daga 1941, lokacin da wani ɗan wasa mai suna Ted Williams ya haura huɗu cikin goma, ba a sake samun wanda ya kai wannan matsayi a cikakkiyar kaka ta babbar gasar ba. Yaron da ya tsaya a gaban jama'a ya kai bugu sau uku bai samu ba, ya juyo idonsa cike da ƙwalla, fuskar ubansa yake fara nema, kuma abin da ya gani a wannan fuska shi zai zauna masa a rai shekara da shekaru. In ya ga fushi da raini, sai ya koyi cewa ƙaunar ubansa sai an ci ake samunta; in kuwa ya ga natsuwa, aka dafa kafaɗarsa aka ce gobe ma rana ce, to ya koyi yadda namiji ke ɗaukar rashi ba tare da ya karaya ko ya ɗora wa wani laifi ba. Gaskiya ne akwai iyaye a can waɗanda ke zagin alƙalin wasa a gaban yara, suna matsa wa 'ya'yansu domin su cim ma burin da su suka kasa cimmawa, amma wannan yana ƙara nuna cewa fa'idar tana cikin halin uban, wasan kuwa fage ne kawai inda halin ke bayyana.

Uba Kirista mai ibada yana da wata jarrabawa kuma, ita ce ta ranar Lahadi, domin a yau gasannin yara da yawa suna faɗawa a daidai lokacin sujada a majami'a, dole mai gida ya nuna wa iyalinsa wanne ne gaba. Mas'alar tsohuwa ce, don kuwa sai a 1934 aka fara buga wasan besbol na ƙwararru ranar Lahadi a Fensilbaniya bisa izinin doka. Branch Rickey, wanda aka haifa a 1881 a gidan mabiya ɗariƙar Metodis a Ohayo, ya riƙe tarbiyyar gidansu ta ƙin yin wasa ranar Lahadi har hakan ya jawo masa hasara a farkon sana'arsa. Wannan mutum ne kuma, da ya zama shugaban ƙungiyar Dodgers ta Buruklin, ya ɗauki Jackie Robinson, baƙar fata na farko a babbar gasar ta zamani, wanda ya fara wasa ranar 15 ga Afrilu, 1947, a lokacin da wariyar launin fata take da ƙarfin doka a kudancin ƙasar. Shi Robinson ubansa ya bar gida tun yana jariri, uwarsa ce ta yi ɗawainiyarsa da 'yan'uwansa huɗu, kuma wani limamin majami'a mai suna Karl Downs ya tsaya masa a matsayin uba a lokacin samartaka. Ke nan abin da aka shuka a cikin gida, ko abin da wani bawan Allah ya cike wa yaro da shi inda uba ya bar giɓi, yana iya fitowa ya canza tarihin ƙasa guda.

Adalci ya wajabta a saurari masu sukar LaRoche, domin hujjojinsu ba na banza ba ne. Sun ce ɗakin 'yan wasa wurin aiki ne, ba ma'aikatar da za ta yarda ma'aikaci ya riƙa zuwa da ɗansa kullum. Sun ce yaro mai shekara 14 ya fi bukatar aji da tsararrakinsa. Sun kuma ce mutumin da ya yi shekara 12 a babbar gasar, ya tara dukiya, yana da sauƙin juya wa dala miliyan 13 baya, abin da direban babbar mota ba zai iya ba. Na yarda ƙungiyar tana da ikon kafa doka a gidanta, na kuma yarda ba kowane uba ne aka ɗora wa barin aikinsa ba, hasali ma barin neman halali ga mai iyali mabukata zalunci ne. Amma ya kamata a tuna cewa shi kansa LaRoche ɗan tsohon ɗan wasa ne, Dave LaRoche, a irin waɗannan ɗakuna ya tashi a gefen ubansa, ya kuma san sana'ar tana raba mutum da gidansa rabin kaka yana yawon garuruwa. Abin da ya fahimta, wanda masu sukarsa suka tsallake, shi ne shekarun ƙuruciyar ɗa ƙididdigaggu ne, kuma in sun wuce babu dukiyar da ke fanso su. Shekara biyu kafin haka, a 2014, wasu masu sharhi a rediyo sun yi wa Daniel Murphy na ƙungiyar Mets ta Niyok ca, don ya bar wasa biyu na farkon kaka ya tafi wurin matarsa da ta haihu, alhali tun 2011 dokar gasar ta ba uba izinin kwana uku. Shi ma Kirista ne mai bayyana imaninsa, kuma jama'a da yawa suka goya masa baya.

Abin da ya haɗa mu da wannan labari a fili yake. A da, uba a ƙasar Hausa bai bukaci keɓe wa ɗansa lokaci ba, domin sana'a ta riga ta haɗa su: tare suke zuwa gona, tare suke zama a maƙera ko marina ko rumfar kasuwa, yaro yana kallon yadda ubansa ke ciniki da yadda yake cika alkawari, ko da alkunya ta hana uban kiran sunan ɗan fari. Yanzu aikin ofis da makarantar boko da zaman birni sun raba su tun safe har dare, kamar yadda masana'antu suka raba iyayen Amurka da 'ya'yansu tun tuni, sai dai alkunyar ta rage, zaman taren kuwa ya tafi. Magidanci ya taso daga aiki ya zarce majalisa, ko gidan kallon ƙwallo inda zai shafe sa'a biyu a kan wasan Ingila, ya komo ya tarar yara sun yi barci, kana ranar da ɗan ya kangare ya ce bai san inda ya samo wannan hali ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawa sai ya kasance a wurin.

Wanda ke tsoron wasa da 'ya'ya zai zubar masa da kwarjini, ya dubi abin da ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya ɗauki jikarsa Umama yana cikin salla, ya tsawaita sujada domin jikansa ya hau bayansa, ya kuma yi inkari ga wani shugaban Larabawa da ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Ba wanda ya kai shi kwarjini, rahamarsa ga yara kuwa ba ta rage masa kome ba. Saboda haka ina kira ga iyaye maza, Musulminmu da Kiristanmu, kowa ya ware sa'a guda a cikin yininsa wadda ta zama ta 'ya'yansa ce, maza da mata, ya tafi da su masallaci ko majami'a, ya tsaya a bakin fili ranar da suke buga ƙwallo, ya koya musu dara ko ya saurari karatunsu, ya kuma riƙe wannan sa'a da irin muhimmancin da yake riƙe lokacin aikinsa. 'Ya'ya amana ne da za a tambaye mu a kansu ranar hisabi, kuma tambayar ba za ta tsaya a kan buhun hatsi da kuɗin makaranta ba. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, Ya shirya mana zuriyarmu.