Shin Kwamfuta Za Ta Kashe Takarda?

A shekarar 1975 wata mujallar harkokin kasuwanci ta ƙasar Amurka, mai suna Business Week, ta buga hasashen cewa nan gaba kaɗan ofisoshi za su daina amfani da takarda, domin kwamfuta za ta ɗauke dukkan aikin. Shekaru masu yawa sun shuɗe, kwamfuta ta shiga ofis, ta shiga makaranta, har ta shiga aljihu a siffar wayar hannu, amma har yanzu ɗalibi yana sayen littafin rubutu, malami yana riƙe da rajista. Ra'ayina shi ne, na'ura ta ƙwace wani kaso na aikin takarda, kuma ba za ta mayar ba, sai dai akwai aikin da ba ta iya ƙwacewa ba tukuna, kuma shi ne ya fi shafar ɗalibi.

Bari mu fara da inda na'ura ta yi galaba, domin gaskiya ɗaya ce. Shahararren kundin ilimin nan, Encyclopaedia Britannica, wanda aka fara bugawa a 1768, masu shi sun sanar da daina buga shi a takarda a shekarar 2012. A nan gida, hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Marubutan labaran Hausa da yawa, waɗanda a da sai sun kai littafi maɗaba'a sannan a baza shi a kasuwar Kano, sun koma sakin labaransu ta WhatsApp. Duk abin da ake buɗewa don a duba a rufe, kamar ƙamus ko labarin yau, na'ura ta fi takarda sauri da arha wajen isar da shi. Wannan alheri ne, kuma wauta ce a ƙi shi.

To amma karatu iri biyu ne: akwai dubawa, akwai nazari. A shekarar 2018 wasu masana a ƙasar Sifen suka tattara sakamakon bincike 54 da aka yi a kan mutane fiye da 170,000, don kwatanta karatu a takarda da karatu a fuskar na'ura. Suka gano cewa masu karatu a takarda sun ɗan fi fahimtar rubutun da ke bayar da bayani, irin na littafin kimiyya, musamman idan an ƙayyade lokaci. A wajen ƙagaggun labarai kuwa ba su ga wani bambancin a zo a gani ba. Ɗaya daga cikin dalilan da masana ke kawowa shi ne, ido ya saba da gudu a kan waya, yana tsallake layi, ga kuma saƙonni suna shigowa suna raba hankali. Ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa wajen cika azuzuwa da na'urori, a 2023 gwamnatinta ta ware kuɗi don mayar da bugaggun littattafai hannun yara.

Abu na biyu shi ne adana. A shekarar 1086 aka rubuta wani kundi a Ingila, wanda ake kira Domesday, aka lissafa filaye da dukiyar ƙasar a kan fatar tumaki. Da kundin ya cika shekara 900, a 1986, gidan rediyon BBC ya shirya sabonsa na zamani, yaran makarantu suka tattaro bayanai da hotuna, aka zuba a kan faya-fayan da ake karantawa da hasken lesa. Kafin shekarar 2002 na'urorin da ke karanta waɗannan faya-fayai sun kusa ɓacewa daga duniya, sai da masana na jami'o'in Leeds da Michigan suka sha aiki kafin su ceto bayanan. Shi kuwa tsohon kundin yana nan a ma'adanar tarihi ta birnin Landan, duk wanda ya iya Latin zai karanta. Darasin a fili yake: rubutun na'ura yana bukatar wata na'ura da wutar lantarki kafin ya yi magana, rubutun tawada kuwa ido da haske kawai yake nema. Mu ma shaida ne, domin rubuce-rubucen malaman ƙarni na 19, na Larabci da na ajami, waɗanda aka yi da yawansu a kan takardar da fatake suka kawo daga Italiya ta hamada, ana karanta su har gobe a Sakkwato da Kano da Zariya.

Ban ce takarda ba ta da aibi ba. Gara na cin ta, wuta na ƙona ta, ruwa na lalata ta, kuma tsadarta ta hana yara da yawa mallakar littafi. Saboda haka ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubuce a adana a kwamfuta aiki ne mai kyau, matuƙar ba a yi watsi da na asali ba.

Inda nake jin tsoro shi ne makarantunmu. Kada shugaban makaranta ya ga an kawo kwamfutoci ya mayar da laburare ɗakin ajiyar karyayyun kujeru. Ranar da aka ɗauke wuta, ko kuɗin data ya ƙare, me yaro zai karanta? Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Shawarata ga malamai ita ce su koya wa yara nemo bayani a intanet da tantance sahihancinsa, amma su tilasta karanta littafi guda daga bango zuwa bango a kowane zangon karatu. Ku kuma ɗalibai, ku gwada da kanku: ku karanta babi ɗaya na darasin kimiyya a waya, wani babin a littafi, bayan kwana biyu ku rubuta abin da kuka tuna daga kowanne. Abin da gwajin ya nuna muku, ku yi aiki da shi.