Doka Dabam, Koyarwa Dabam: Abin Da Ya Sami 'Yan Mormon

'Yan'uwa cikin Kristi, mu da 'yan Mormon ba tafiyarmu ɗaya ba. Suna da wani littafi ban da Littafi Mai Tsarki, mu kuwa ba mu karɓe shi ba. Duk da haka, abin da ya same su a Amurka game da auren jinsi ya isa mu tsaya mu duba.

A 1995 shugabanninsu a Salt Lake City suka yi shela cewa aure tsakanin namiji da mace ne. A 2008 mabiyansu suka zuba kuɗi da ƙarfi a jihar Kalifoniya, har aka kaɗa ƙuri'a aka hana auren jinsi. Murna ta koma ciki, gama kotu ta rushe dokar, a 2015 kuma Kotun Ƙoli ta halatta shi a ƙasar duka. A 2022 sai ga ikkilisiyar tasu tana goyon bayan dokar da ta kāre irin wannan aure, muddin ba za a tilasta wa majami'u su ɗaura shi ba. Koyarwarsu dai ba su taɓa ta ba.

Waɗansu sun ce tsoro ne. A ganinmu, wuya ce ta koya musu cewa majalisa ba ta riƙe wa ikkilisiya koyarwarta. Mu a Nijeriya mun jingina da dokar 2014 mai ɗaurin shekara 14, kamar mun miƙa wa ɗan sanda aikin makiyayi. Saurayin da ke fama da wannan gwaji a ƙungiyar mawaƙanmu, tsoron kurkuku ba zai kai shi ƙofar fasto ba. Ɓuya zai ƙara yi, ran Lahadi kuma ya sa rigarsa ya tsaya a layi.