Na'ura Ta Koyi Lallashi, Ina Manazartan Hausa?

'Yan'uwa ɗalibai, sau da yawa akan tambaye mu abin da za mu yi da digirin Hausa, mu kuwa sai mu ce koyarwa ko aikin jarida. To, ga wani fage ya buɗe, wato nazarin yadda manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira ke shawo kan mutanen da ke aiki da su.

Abin ba yau ya fara ba. A 1966 Joseph Weizenbaum ya ƙirƙiro manhajar ELIZA a Amurka. Galibi juya wa mutum maganarsa take yi ta zama tambaya, amma sai ga mutane suna fayyace mata sirrinsu. A 2024 kuma mujallar Science ta buga wani bincike inda mutum sama da 2,000 suka yi hira da GPT-4, sai yardarsu da labaran makirci ta ragu da kimanin kashi 20 cikin 100. Duk da Ingilishi aka yi waɗannan.

Yanzu mu dawo gida. Ɗauki manomi a Muchalla ta ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, wanda ke Falanci a gida, Hausa a kasuwa. Idan dillali a kasuwar shanu ta Mubi ya yi masa daɗin baki, ya san la'ada yake nema, don haka sai ya auna maganar. Amma idan manhajar wayarsa ce ta ce ya sayar da sansa yau, ko ya ci bashin taki, bai san wa take yi wa aiki ba. Shin in ta ce masa "ranka ya daɗe", ko ta jefo karin magana, ko ta ambaci Allah, zai fi saurin yarda? Shin wanda Hausa ba harshensa na farko ba ne ya fi jin nauyin musa mata?

A ganina injiniya kaɗai ba zai amsa waɗannan ba, sai da wanda ya san habaici da zambo da ladabin zance. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ina kira ga masu neman taken kundin digiri, musamman na Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, su duba wannan fage. A haɗa da koyon ƙididdiga, a kuma nemi izinin duk wanda za a gwada da shi. Allah ya sa mu dace.