A duba safaya kafin a ɗora kaya



Ranar da muka tashi daga Sabo ta Ibadan za mu Kano da goron Baba, taya ta fashe bayan Ilori, kafin gadar Jebba. Safaya ba iska, jak kuma an manta shi a gareji. Nan muka shimfiɗa tamfol a gefen titi muka kwana, sauro na cizo, muna gadin huhunan goro bi da bi. Washegari rana ta buɗe, goro kuwa ba ya son zafi.

Ni dai a ganina laifinmu ne, mu masu kaya. Mukan daɗe muna ciniki kan kuɗin mota, amma muna jin nauyin ce wa direba, "Malam, mu ga safayarka." Wannan kunyar asara ce.

Allah ya kiyaye hanya.