Mage Ma Ta Cancanci Cigiya

A unguwarmu idan rago ya ɓata, kafin la'asar kowa ya ji. An gaya wa mai unguwa, an sanar da 'yan sintiri, an aika yaro wajen mahauta ya ce in aka kawo musu farin rago mai baƙin wuya da araha su riƙe mai shi. In abin ya kwana, a kai cigiya gidan rediyo. Babu mai dariya, don kowa ya san kuɗin rago, balle in Babbar Sallah ta ƙarato. Amma ka fito ka ce magenka ce ta ɓata, ka ga irin kallon da za a yi maka. Mai kara ya ce za ta dawo da kanta, mai baki ya ce aikin yi ne ba ka da shi.

A ganina wannan dariyar ba ta da gindi, kuma malamanmu ne za su fara ƙaryata ta. Tun muna makarantar allo muke jin cewa Abu Huraira ya samo laƙabinsa ne daga 'yar kyanwar da yake yawo da ita, muke kuma jin labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage, ba ci ba sha, har ta mutu. Wanda ya fi jan hankalina shi ne hadisin Zaidu ɗan Khalid al-Juhani a Bukhari da Muslim, kan hukuncin tsintuwa. An ce a yi cigiyar kayan da aka tsinta har shekara. Da aka zo kan dabbobi sai aka bambanta: tunkiya a kama ta, don in an bar ta naman daji zai cinye; raƙumi kuwa a ƙyale shi, don yana iya kai kansa ga ruwa da ganye har mai shi ya same shi. Raƙumi ya fi tunkiya tsada nesa ba kusa ba, amma ba tsadar aka duba ba. An duba wadda za ta halaka in an yi banza da ita. Magen da ta tashi a tsakar gida, ba ta san titi ba, ba ta san karnukan bola ba, ta fi kusa da tunkiyar nan.

Tunda an taɓo hadisi: akwai hani a Sahihu Muslim game da yin cigiyar ɓatacciyar dabba a cikin masallaci. Saboda haka kada a matsa wa ladan ya saka a lasifika. A jira a idar da salla, a tsaya a ƙofa a gaya wa jama'a.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, mijinta ya rasu, 'ya'ya duk sun yi aure, magenta ce abokiyar hirarta. Ranar wani biki a layin, kiɗa ya firgita magen ta haura katanga. Jikokin suka hau babur har bakin kasuwa suna dube-dube, ba a dace ba. Ita kuwa Hajiya, sai ta tare mai garuwa a zaure ta ce, "Ɗana, kai ne kake shiga kowane gida a layin nan. Ja ce, da fari a ƙirji, bakin kunnenta na hagu a yage. In ka gan ta kada ka bi ta, ka zo ka faɗa mini." Shi ne ya hango ta a kangon da ke bayan layin, ta cusa kanta cikin jibgin bulo. Ya ce, "Baba, ga ta can, amma ko motsi ba ta yi." Sai da Hajiya ta je da kanta bayan isha'i da tocila da ɗan busasshen kifi a kwanon da magen ta saba ci, ta zauna a kan bulo tana kiran ta a hankali, sannan ta fito, duk ta rame, jiki ya yi buɗu-buɗu da ƙurar siminti.

Hajiya ba ta san da binciken da masana a Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka wallafa a 2018 ba, amma abin da ta yi ya zo daidai da shi. Sun bi labarin maguna sama da 1,200 da suka ɓata, suka tarar kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka samu ba su wuce mita 500 daga inda suka kuɓuce ba. Magen da ta tsorata ba tafiya take yi ba, ɓuya take yi, kuma ko muryar mai ita ta ji sai ta yi gum. Don haka a fara da silin, da ƙarƙashin mota, da kwalbati, da ɗakin ajiyar maƙwabci da aka rufe ba a lura ba. A duba da dare ko kafin asuba, lokacin da hasken tocila ke kama idonta. Muzuru ne mai nisan zango in yana bin mata, shi ya sa likitocin dabbobi ke ba da shawarar a fiɗiye shi.

Wasu za su ce a yi irin na Turawa. A Ingila tun Afrilun 2016 doka ta tilasta a dasa wa kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lamba, daga Yunin 2024 kuma aka haɗa da maguna, da tarar da ta kai fam 500. Dabara ce mai kyau, sai dai na'urar ba ta nuna inda dabba take. Dole wanda ya tsinta ya kai ta inda ake da abin karanta lambar, a kuma duba rajista. A yawancin garuruwanmu babu wannan tsarin. Abin wuya mai lambar waya ya fi mana amfani, in na mage ne ya zama mai saki in ya sarƙe da reshe. Iyayenmu mata da ke shafa wa awakinsu lalle ko fenti a gadon baya sun riga mu gane amfanin shaida. A kuma ajiye hoto a waya tun kafin ranar buƙata, don a zauren WhatsApp na unguwa hoto ya fi dogon kwatance.

Inda muka fi gazawa shi ne wajen tsinta. Baƙuwar akuya ta shigo gida, a ɗaure ta, a ba ta dusa, a aika wa mai unguwa. Baƙuwar mage kuwa sai muciya, in baƙa ce ma a ce aljana ce. Kare ya fi shan wuya: da ya ruɗe yana haki, sai yara su ce mahaukaci ne, su bi shi da jifa. Ciwon haukan kare gaskiya ne kuma yana kisa, don haka ban ce yaro ya kai hannu ga karen da bai sani ba. Amma kare mai abin wuya, mai tsabtar jiki, na wani ne. A hana yara jifa, a ajiye masa ruwa daga nesa, a ɗauki hotonsa, a sanar da mai unguwa kamar yadda za a yi da rago.